Zane Marar Siffa

Akwai wani irin zane wanda in an miƙa wa mutum sai ya juya shi sama, ya juya ƙasa, ya ce, "To, wannan kuma mene ne?" Ba mutum a ciki, ba doki, ba gida, sai launi da layuka kawai. Shi nake so in yi wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu bayaninsa, domin da yawa sun ɗauke shi shirme.

Abin da mai irin wannan zane yake nema shi ne ainihin abu, watau abin da ya rage a zuciya bayan ido ya gama kallo. Misalin da ya fi sauƙin ganewa shi ne na wani Bature mutumin Holan mai suna Piet Mondrian, wanda aka haifa a 1872, ya mutu a 1944. Ya kan je wani gari na bakin teku da ake kira Domburg, ya zana tuddan rairayi da ruwa yadda suke. A hankali ya riƙa rage kaya. Ya lura teku kwance take, turakun katakon da aka kakkafa suka shiga cikin ruwa kuwa tsaye suke. To, a 1915 sai ya yi zanen da babu komai a cikinsa sai gajerun baƙaƙen layuka bisa farin ƙyalle, wasu kwance, wasu tsaye, wasu sun giciye juna. In ka ƙura masa ido sai ka ga kamar ruwa na ƙyalƙyali yana motsi, alhali kuwa ko ɗigon shuɗi babu a ciki. Zanen yana nan ajiye a wani gidan tarihi a Holan.

Kada a ce wannan aikin Turawa ne kaɗai. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiya don su haɗa abin da aka koya musu da zanen gargajiyarsu. Cikinsu akwai Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Daga baya aka yi Gani Odutokun, malami a jami'ar, wanda kan tsinka fenti ya zuba bisa ƙyalle ya bar shi ya gangara. Hatsarin mota ya yi ajalinsa a 1995. Farfesa Jerry Buhari kuma, ɗan kudancin Kaduna, ya yi zane-zane masu yawa a kan yadda ake lalata ƙasa da daji.

Ni a ganina mu Hausawa ne ya kamata mu fi kowa saurin gane wannan fasaha. Dubi aska takwas a ƙirjin babbar riga. Wa ya taɓa yin aski da ita? Dubi dagi a bangon zaure, da zanen ƙwarya, da zayyanar da alarammomi ke yi a cikin Alƙur'ani rubutun hannu. Duk ba su kwaikwayi siffar wani mai rai ba, amma ba wanda ya ce da su shirme. Wannan magana ce da nake roƙon iyayenmu su duba, domin wasu na hana 'ya'yansu darasin zane don gudun zana mai rai. Ga hanya nan wadda ba ta bi ta wurin da suke tsoro ba.

Mu dai ba mu da teku. Yawancinmu ruwan da ya fi girma da muka taɓa gani shi ne dam ɗin Zobe na wajen Dutsin-ma. Amma ƙasar Batsari da Safana ba ta rasa abin zanawa ba. Da damina gero kan tashi tsaye kore shar, ga baƙaƙen duwatsu zaune a tsakani. Da kaka komai ya koma ruwan ƙasa. In hunturu ya shigo, hazo ya haɗe sama da ƙasa har ka kasa gane inda ɗaya ta ƙare, kuka ta tsaya tsirara da rassanta. Wanda ya ɗauki launi uku kacal, toka-toka da ja da baƙi, zai iya zana watan Janairu a Runka har mutumin wurin ya gani ya ce, "Lalle wannan garinmu ne."

Akwai kuma abin da hoto ba ya iya ɗauka. Dajin Rugu ya ragu saboda saran itace, sa'an nan 'yan bindiga suka mai da shi maɓoya, har a 2019 da shekarun da suka biyo mutanen ƙauyuka da yawa suka bar gonakinsu suka gudo cikin gari. Yaya za a ɗauki hoton gonar da aka ji tsoron zuwa? Mai zane marar siffa yana iya shafa kore a gefe ɗaya, ya bar baƙi yana cinsa daga yamma, ya bar tsakiya fili ba kowa. Kayan aikin ma ba su da tsada: jar ƙasa, da gawayi, da farar ƙasa, da ƙaro a jiƙa don launin ya kama, sai kwalin da aka yar a bayan ɗakin ajiya.