Sa'ad da mawaƙi ya yi shiru, tsirkiya ta karɓi magana

Duk wanda ya taɓa jiran motar Bolga ko Bawku a tashar Krofrom ya san kunne ba ya hutawa a wurin. Nan yaran mota na kiran fasinja, can mai gyaran waya ya saki waƙa. Wani lokaci kuma sai ka ji kologo, molon Frafra mai tsirkiya biyu. Saurara da kyau: mawaƙin yakan yi shiru, ya bar yatsunsa su yi aiki na ɗan lokaci, sannan ya dawo. Wannan ɗan gurbin shi masu kiɗan rock da blues ke kira solo. Kuma masu daɗinsa, galibi, gajeru ne.

A Ghana, da yawa sun fara ganin abin ido da ido ranar 6 ga Maris 1971, a bikin Soul to Soul da aka yi a dandalin Black Star na Accra. Wilson Pickett da Tina Turner sun zo daga Amurka, haka ma Carlos Santana. A waƙar "Black Magic Woman", tun kafin a buɗe baki jitarsa ta riga ta gaida jama'a. Yakan ja sauti guda ya riƙe shi, kamar mai goge da ya ƙi ɗaga hannu.

Uban gidan wannan salo shi ne B.B. King. A "The Thrill Is Gone" ta 1969, ba ya haɗa waƙa da kiɗa a lokaci guda. Sai ya rera, jitarsa da ya raɗa wa suna Lucille ta amsa. To, wannan ai ba baƙon abu ba ne gare mu, amshi ke nan. Abin da 'yan amshi ke yi wa makaɗi shi jitar ke yi masa.

Ita kuwa bes, jita mai kaurin murya, aikinta riƙe gindin kiɗa, ba kasafai ake ba ta fili ba. Amma in an ba ta, ba a mantawa. John Entwistle na ƙungiyar The Who ya nuna haka tun 1965 a "My Generation". A 1986, Bakithi Kumalo ɗan Afirka ta Kudu ya yi wa Paul Simon wani ɗan gudu a "You Can Call Me Al" wanda bai kai daƙiƙa 10 ba. Abin mamaki, rabinsa kawai ya kaɗa. Ɗaya rabin, faifan aka juya da baya. Sai kuma "The Chain" ta Fleetwood Mac, 1977, inda kowa ke tsayawa John McVie ya shigo shi kaɗai. Mai gangar ƙungiyar, Mick Fleetwood, ya zo Accra a 1981 ya ɗauki kundinsa "The Visitor" tare da makaɗan ƙasar nan.

Kumasi ba 'yar kallo ba ce a wannan fage. Teddy Osei, wanda ya kafa Osibisa a Landan a 1969, haifaffen garin nan ne. Koo Nimo ya yi shekaru yana nuna cewa jitar katako, ba wutar lantarki, ta isa ta sa taro ya yi tsit. Mu kuma a Zango mun tashi da kaset ɗin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Kuntiginsa tsirkiya ɗaya ce tak, amma tsakanin baiti da baiti ita ke ƙarasa zancen.

Me ya sa gajeren ya fi shiga rai? Don kamar gishiri yake a miya. Kaɗan ya gyara, da yawa ya ɓata. Makaɗin da ya san daƙiƙa 15 ce rabonsa dole ya zaɓi abin da zai faɗa.

Abin damuwar shi ne, a bukukuwan aure da suna na unguwanninmu yanzu DJ ne da lasifika. Yaran da ke haɗa kiɗa a kwamfuta suna da basira, babu musu, amma ƙalilan ne a cikinsu suka taɓa jin tsirkiya ta ci musu yatsa. In ba a koya ba, wa zai karɓa?

A Nijar dai ba su bari ba. Bombino na Agadez da Mdou Moctar suna zagaya duniya da jita, kuma Mdou da hannunsa ya ƙera ta farko, da wayar birkin keke. Suame Magazine kuwa, inda ba a rasa waya da ƙarfe, na nan kusa da Krofrom.