Kumburin Jijiyoyin Ƙafa Da Sabuwar Hanyar Maganinsa

A gidajenmu da yawa akwai uwa ko kaka wadda jijiyoyin ƙafarta suka kumbura, suka murɗe a ƙarƙashin fata kamar igiya. Da yamma sai ƙafar ta yi nauyi, ta dinga zogi, idon sawu ya kumbura. Mu kan ce gajiya ce ko tsufa, mu ƙyale. Amma ciwo ne mai dalili, yana kuwa da magani. Bari mu duba yadda ya ke.

Me ke kawo shi?

Zuciya tana tura jini zuwa ƙafafu, amma komowarsa hawan tudu ne. Naman sha'raba ne ke matsa jinin sama duk sa'ad da mu ka taka. A cikin jijiyoyin kuma akwai 'yan ƙofofi masu aiki kamar bawul ɗin tayar keke: su bar jini ya hau, su hana shi komowa. Idan ƙofofin nan suka lalace, jini ya kan taru a ƙasa, jijiya ta buɗe ta kumbura. Galibi matsalar tana cikin doguwar jijiyar da ta taso daga idon sawu har matsematsi.

A waɗansu gidaje gado ne. Ciki, da ƙiba, da yawan shekaru suna ƙara shi, haka kuma doguwar tsayuwa irin ta malaman makaranta da ma'aikatan jinya. Maza ma ba su tsira ba. In aka yi sakaci, fatar wajen idon sawu ta kan yi baƙi, ta yi ƙaiƙayi, daga baya gyambo ya fashe, ya yi wata da watanni bai warke ba. Nan ne aiki ya kan tsaya, kuɗin gida su ƙare a sayen magani.

Daga wuƙa zuwa allura

A dā maganin sai fiɗa. A sa mutum barci, a yanka a matsematsi, a zaro jijiyar da waya, sa'an nan ya yi makonni yana jinya. Canji ya zo ta hannun likitocin hoto, wato waɗanda su ke duba cikin jiki da na'ura. A 1953 wani likitan hoto a Suwidin, Seldinger, ya nuna yadda za a zura siririn bututu cikin jijiya ta hudar allura kaɗai. A 1964 Charles Dotter na Amurka ya buɗe toshewar jijiyar ƙafar wata tsohuwa ta wannan hanya, aka fasa yanke ƙafar. A 1999 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a riƙa rufe kumburarriyar jijiya da zafi daga ciki, sa'an nan hasken leza ya biyo baya. A 2013 hukumar da ke tsara ka'idodin jinya a Ingila ta ce a fara da wannan hanya, fiɗa ta zama ta ƙarshe.

Yadda a ke yin aikin

Da fari likita ya duba ƙafa da na'urar sikanin, irin wadda a ke duba masu ciki da ita, domin ya ga inda jini ke komowa. Sai ya yi allurar kashe zafi, ya zura bututun yana kallonsa a allo. Bakin bututun ya yi zafi, jijiyar ta tsuke ta rufe. Waɗansu kuma a kan ɗura musu magani mai kumfa, ko wani irin gam na asibiti. Yawanci ba ya wuce awa guda, mutum ya taka da ƙafarsa ya koma gida ran nan.

To, ina jinin zai bi? Kada mu damu. Manyan jijiyoyi na can ciki su ne ke ɗauke da yawancinsa tun asali. A 2018 aka buga sakamakon wani bincike na Ingila a kan masu gyambo 450. Waɗanda aka rufe wa jijiya da wuri, rabinsu sun warke cikin kwana 56. Waɗanda aka jinkirta wa kuwa, sai da aka kai kwana 82.

Duk da haka wurin ya kan yi tsami na 'yan kwanaki, jefi-jefi jini ya kan daskare, ciwon kuma yana iya komowa bayan shekaru. Aikin yana da tsada, ba kowane asibiti ke yinsa ba.

Abin da za mu yi a gida

Mu riƙa tafiya a ƙasa, mu ɗora ƙafa bisa matashi lokacin hutu. Safa mai matsewa tana taimako, amma a tambayi likita tukuna, musamman mai ciwon sukari. Mai ciki ta yi haƙuri, gama sau da yawa kumburin ya kan ragu bayan haihuwa. Kada a yarda a yi tsaga ko ƙaho a kan jijiyar. In ta fashe, a kwantar da mutum, a ɗaga ƙafar sama, a danne wurin da ƙyalle mai tsabta, a nufi asibiti. In ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya da zafi, kada a kwana a gida.

Iyayenmu ba su cika faɗin ciwonsu ba. Mu ne za mu lura da ƙafafun da su ka yi ɗawainiyarmu, mu kai su wurin likita tun gyambo bai fashe ba.