Gyaran 'Yan Ƙwaya: Darasin Da Gubar Dalma Ta Bari A Ƙasar Anka Da Bukkuyum

Duk magidancin da ke zaune a Nasarawar Burkullu, ko wani ƙauye na ƙasar Bukkuyum, Anka da Gummi, in Allah ya jarrabe shi da ɗa mai shan ƙwaya, ƙofofi uku ne a gabansa. Ko dai ya miƙa yaron ga hukuma a tsare shi, ko ya kai shi gidan mari a sa masa sasari, ko kuwa ya sayar da 'yar akuyarsa da buhun gero ya yi kuɗin mota zuwa Gusau, ko zuwa asibitin masu taɓin hankali na Gwamnatin Tarayya da ke Kware, kusa da Sakkwato. Kowace ya bi, sau da yawa ƙarshen labarin ɗaya ne: yaro ya dawo gida garau, amma kafin damina ta zagayo ya koma gidan jiya.

Wannan al'amari ba na gida ɗaya ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka bayyana sakamakonsa a watan Janairu na 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 suka sha wani abin maye, ban da giya da taba, cikin shekarar da aka yi binciken. Daga cikinsu miliyan 10.6 wiwi suka sha, miliyan 4.6 kuwa ƙwayoyi irin su tiramol, miliyan 2.4 maganin tari mai kodin. Cikin kowane mutum huɗu, ɗaya mace ce. Kusan mutum miliyan 3 shan ya riga ya zame musu cuta, watau ba sa iya bari sai da taimako.

A wannan yanki na yammacin Jihar Zamfara, ba don nishaɗi kaɗai ake fara sha ba. Mai haƙar zinariya da ke yini cikin rami, da ɗan ƙwadagon gona, da ɗan acaɓa, da yawa sukan fara haɗiyar tiramol ne don kashe gajiya. Wanda doka ta yarda a sayar bisa takardar likita mai ƙarfin miligiram 50 ne ko 100, amma na bayan fage yakan kai 200 ko 225. Jiki kuwa in ya saba, sai ya nemi ƙari. In aka wuce kima ya jawo farfaɗiya, in aka tsaya farat ɗaya sai ciwon gaɓoɓi da zufa da rashin barci su taso. Saboda haka nasiha kaɗai ba ta isa, sanda kuma ba ta warkarwa.

Tsarin da ƙasar nan ta daɗe a kansa na kamu ne da tsarewa. Dokar soja mai lamba 48 ta 1989 ita ta kafa hukumar NDLEA, wadda babban aikinta shi ne farautar masu fataucin ƙwaya, ko da yake tana da sassan ba da shawara da gyaran hali. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Wannan ya toshe kafa ɗaya, amma bai warkar da wanda ya riga ya kamu ba. Sa'an nan a watannin Satumba da Oktoba na 2019 'yan sanda suka buɗe wasu gidajen mari a Kaduna da Katsina, suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Abin lura shi ne, yawancinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, domin ba su ga wata ƙofa kusa ba.

Daga baya an sami sauyi a takarda. An fito da babban shirin ƙasa na yaƙi da miyagun ƙwayoyi na 2021 zuwa 2025, wanda ya sa magani da rigakafi a jeri ɗaya da kamu. A watan Janairu na 2023 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin majiyyaci. To, amma doka a Abuja take, majiyyaci kuwa yana ƙauye. Likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne kawai a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, kuma kusan dukansu a manyan birane suke.

A nan ne ya kamata masu tsara aikin su waiwayi abin da ya faru a ƙofar gidansu. A shekarar 2010 aka gano gubar dalma tana kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Tungar Guru, saboda niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Yara kimanin 400 suka rasu. Ƙungiyar likitocin sa kai ta MSF ta fara kwantar da yara a asibitocin Anka da Bukkuyum, daga baya ta mai da aikin cikin ƙauyukan, ana ba da magani ana auna jini a kai a kai. Amma likitocin sun tsaya a kan magana ɗaya: ba amfani a wanke jinin yaro a mai da shi tsakar gidan da ke cike da guba. Don haka sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Mutanen Bagega sun jira har 2013 kafin a share garinsu a fara ba 'ya'yansu magani. Daga bisani aka koya wa mahaƙa hanyoyin aiki masu rage ƙura, a 2022 kuma ƙungiyar ta miƙa aikin ga hukumomin jiha.

Haka lamarin ɗan ƙwaya yake. Fitar da ƙwaya daga jiki aikin mako ɗaya ne ko biyu; hana komawa shi ne aikin watanni, kuma a gida ake yinsa, inda abokan shan suke, inda mai sayarwa yake, inda gajiyar da ta sa aka fara take. Tsarin da ya zuba dukan kuɗinsa a kan gadajen babban birni ya manta da gida, ya wanke jini ne ya bar tsakar gida da guba.

Sauyin da ake bukata hawa uku ne. Na farko, ƙananan asibitocin mazaɓu su zama ƙofar shiga. Tun 1991 manufar ƙasa ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukansu, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta fito da shiri a 2008 na koya wa malaman asibiti waɗanda ba likitocin ƙwaƙwalwa ba yadda za su gane irin waɗannan cututtuka su kuma kula da su. Na biyu, manyan asibitocin ƙananan hukumomi su keɓe 'yan gadaje don masu fama da raɗaɗin bari, a riƙa tura masu tsanani kaɗai zuwa Gusau ko Kware, kowa da takardar da za ta raka shi ta kuma dawo da shi hannun wanda ya tura shi. Na uku, a sa ma'aikaci ɗaya wanda alhakin bin kowane majiyyaci zai rataya a wuyansa bayan sallama, tare da uba ko wa, da liman, da mai unguwa, da maigidan sana'a. Lalle ne kuma a sami ma'aikaciya mace, domin matar aure ba za ta kai wannan kuka gaban namiji ba.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a Nijeriya. Tun 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da majiyyata a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, suna zuwa asibiti da rana suna kwana cikin jama'a, har duniya ta yi koyi da shi.

Akwai cikas, ba shakka. Rashin tsaro ya hana ma'aikata shiga ƙauyuka da yawa, kuma in uba ya san zuwa asibiti zai ja wa ɗansa kamu, ba zai kai shi ba; tilas hukumar lafiya da jami'an tsaro su raba aiki a fili. Haka kuma a daina auna nasara da yawan waɗanda aka kama ko aka sallama. Ma'auni na gaskiya shi ne, bayan wata shida, mutum nawa ne ke gonarsu ko shagonsu, hankalinsu a jikinsu. Ranar da magidancin Nasarawar Burkullu ya sami ƙofa ta huɗu a garinsu, ranar ce za a ce tsari ya sauya.