Ruwan Rini: Ɓawon Gyaɗa Da Ɓuntun Shinkafa Na Iya Tsotse Launi

Duk ɗan kasuwar da ke harkar shadda a Ƙonni, Dan Isa, Maigatari ko Gaya ya san darajar rinin Bamako, kuma ya san irin ribar da galila ke kawowa gab da salla. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne inda ruwan rinin yake zuwa bayan an tsame tufa. A Bamako mafi yawansa kwata ake zuba shi, kwata kuwa Kogin Kwara take nufa, kogin da ke ratsa Yamai ya wuce ta Gaya kafin ya shiga Najeriya. A Kano ma Kogin Challawa ya daɗe yana shan dagwalon masana'antun fata da na tufafi.

A da ba haka abin yake ba. Marinan Ƙofar Mata da na Kura, waɗanda Buzaye ke sayen turkuɗinsu, da baba da toka suke aiki. Sauyi ya faro a 1856, lokacin da wani Bature ɗan Ingila, William Perkin, ya haɗa launin farko na kimiyya, sannan a 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fito da baban kanti. Yau galibin masu rini garin launi suke saye, su haɗa da soda mai cin hannu. Ba duka launin ke kama tufa ba, ana ƙiyasta kashi 10 zuwa 15 cikin 100 yana bin ruwa. Idan ya shiga kogi sai ya tare hasken rana, tsirran cikin ruwa su mutu, kifi ya rasa iska. Wasu launukan ma idan sun ruɓe suna sakin sinadarai masu haddasa ciwon daji, dalilin da ya sa Tarayyar Turai ta hana amfani da su a tufafi a 2002. Mai lambun da ke ban ruwa a bakin kogi bai san da wannan doka ba, mai sayen latas ɗinsa ma haka.

To, ina mafita ga marinin da ba shi da kuɗin injin tace ruwa? Nan ne masu bincike a jami'o'in Indiya, Malesiya, Masar da Najeriya suka juya ga abin da mu muke sharewa mu ƙona: ɓuntun shinkafa, ɓawon gyaɗa, totuwar masara da garin katako. Akan wanke su, a shanya, a daka, a tankaɗe, sannan a zuba cikin ruwan rini ko a bar ruwan ya tsiyaya ta cikinsu. Launin sai ya manne a jikin garin, ruwan ya fito da haske. Idan aka mayar da ɓawon gawayi, aka kuma gyara shi da tururi mai tsananin zafi, ƙarfinsa yakan ninka sau da yawa, domin jikinsa ya cika da ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani. Giram ɗaya na irin wannan gawayi, da za a shimfiɗa ƙofofinsa, sai ya rufe fili fiye da murabba'in mita 500. Kayan kuma ba tsada: a kowane buhu biyar na shanshera, kusan buhu ɗaya a nauyi ɓuntu ne. Ƙwayar zogale ma tana da nata aiki, ita tana dunƙule datti ya kwanta ƙasa, kamar yadda matanmu ke yi da alif.

Sai dai kada mu yi saurin tafi. Galibin gwaje-gwajen a ɗakin bincike aka yi su, da launi iri ɗaya cikin ruwa mai tsabta, alhali ruwan marina haɗin gambiza ne. Ɗanyen ɓawo yana kama wasu launuka da kyau, wasu kuwa ba ya riƙe su sai an tsamama ruwan, ga shi soda ta riga ta mayar da shi kamar ruwan toka. Kuma ruwa ya yi fari ba shi ne ya zama na sha ba, sodar da gishirin suna nan. Shi ya sa ake so a fara tara ruwan a rami mai siminti ya kwanta, a karya ƙarfin sodar, kafin a kai ga tacewa.

Babbar damuwarmu ita ce ɓawon da ya riga ya sha launi. Gubar ba ɓacewa ta yi ba, wuri ta sauya. Mun san halin kasuwa: abin da aka zubar da safe, da yamma wani ya zuba shi a buhu ya sa masa kuɗi. Wannan ɓawon bai kamata ya shiga abincin tumaki ba, ko takin gona, ko murhun mai tuya. Ƴan kasuwar da ke ba da kwangilar rini da dila-dila su ne ke da bakin tambayar marini inda yake kai shi, tun kafin a yi cinikin kuɗin aiki.