Baleriyan: saiwar da Turawa ke sha domin samun barci

Barci babbar ni'ima ce. Wanda ya kwana ido biyu, hauya takan yi masa nauyi da safe. Kowace al'umma tana da tsiron da take neman taimakonsa idan barci ya ƙi zuwa. A ƙasashen Turai, sunan nasu tsiron baleriyan.

Baleriyan haki ne mai son sanyi da laima. Yana fitowa a bakin rafi da fadamun Turai da yammacin Asiya, ba ya cikin tsirran dajinmu. Tsawonsa yakan kai mita ɗaya da rabi, furensa fari ne ko ja-ja. Amma maganin yana cikin saiwa. Manoma sukan tone ta da kaka, su wanke, su busar da ita ba tare da zafi mai yawa ba. Busasshiyar saiwar tana da wari ƙwarai, har kyanwa takan bi warin.

An daɗe da sanin ta. Tun ƙarni na 2, wani likitan Girka mai suna Galen yana ba da ita ga marasa barci. A yaƙin duniya na biyu, daga 1939 zuwa 1945, mutanen Ingila sun sha ta domin rage fargabar bama-bamai.

Ga yadda hukumar magunguna ta Turai ta tsara shan ta. Ana zuba ruwan zafi ƙaramin kofi ɗaya a kan saiwar da ba ta wuce giram 3 ba. A bar ta ta jiƙa, a tace, a sha rabin awa ko awa ɗaya kafin kwanciya. Ba ta aiki dare ɗaya, sai an yi mako 2 zuwa 4. Ba a ba mai ciki, da mai shayarwa, da yaron da bai kai shekara 12 ba. Wanda ya sha kada ya tuƙa mota ko babur. Wasu takan sa su ciwon kai, ko jiri, ko ɓacin ciki.

Amfaninta kuwa kaɗan ne. A shekarar 2017, ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawarar kada a dogara da ita wajen rashin barcin da ya daɗe.

Sai a yi hattara da kamannin suna. Baleriyan daban, ƙwayar Valium daban. Valium magani ne mai ƙarfi, jiki yana sabawa da shi har ya kasa bari. Likita kaɗai ke da ikon rubuta shi. Kada a saye shi a hannun masu tallar magani a kasuwa.

Kafin neman kowane magani, mu duba halinmu. Shayi mai ƙarfi da goro da dare suna korar barci. Idan mun rage su amma barci bai dawo ba, mu tafi gidan likita, domin wata cuta tana iya ɓuya a bayan rashin barci. Lafiya uwar jiki.