Tsuntsun Raƙumi da Kifin Kare: Sunayen Dabbobi a Turkanci

Ɗalibin kimiyyar halittu da ya buɗe littafin dabbobi na ƙasar Turkiyya zai tarar ana kiran jimina deve kuşu. Deve shi ne raƙumi, kuş kuma tsuntsu. Wasalin nan "u" da ke ƙarshe shi ne mabuɗin gane ɗimbin sunayen dabbobi a wannan harshe.

Inda Hausa ke sa "ga" ko "daga" a gaban suna, Turkanci ɗafa-ƙeya yake liƙa masa, har suna ya sami siga shida. Alal misali, at shi ne doki. Atı dokin da aikin ya faɗa wa. Ata ga doki. Atta a kan doki. Attan daga doki. Atın na doki. Wasalin ɗafin yana jituwa da wasalin ƙarshe na kalmar, don haka kedi, wato kyanwa, takan koma kediye da kediden.

Haka mallaka take: atım dokina, atın dokinka, atı dokinsa ko dokinta, domin nahawun Turkanci bai bambanta namiji da mace ba.

Abin lura shi ne yadda ake haɗa sunaye biyu. In mallaka ce ta gaske, kowannensu yana ɗaukar ɗafi: devenin kuşu na nufin tsuntsun da wani raƙumi ya mallaka. In kuwa na farko ya zauna ba ɗafi, an sami sunan nau'in halitta: deve kuşu, jimina. Ta haka bal, zuma, da arı suka ba da bal arısı, ƙudan zuma. Köpek, kare, da balık, kifi, suka ba da köpek balığı, kifin teku mafarauci mai kaifin haƙora. A nan baƙin "k" ya yi laushi ya zama "ğ" saboda wasalin da ya biyo shi.

Bahaushe ma ya ce raƙumin dawa, alhali dabbar ba raƙumi ba ce. Shi kansa Linnaeus, a 1758, ya raɗa wa jimina Struthio camelus, inda camelus ke nufin raƙumi. Irin waɗannan sunaye kama suke nunawa, ba dangantaka ba. Saboda haka mai fassara littafin kimiyya ya fara duba ɗafin, sannan ya tabbatar da dabbar ta sunanta na Latin, kada ya sa jimina cikin dangin raƙuma.