Bincike Kafin Hukunci: Idan Allurar Zafin Mota Ta Haura

Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri a tsakiyar bazara, sa'ad da rana ke dukan kwalta har zafi ya haura digiri 40, ya san irin faɗuwar gaban da kan sami direba idan ya ga allurar nan mai nuna zafin inji ta bar tsakiya ta tasam ma jan layi. A wannan hali mutane kan kasu biyu: wani ya kau da kai ya ci gaba da tafiya har inji ya ƙone, wani kuwa ya garzaya wurin makanike a kwance masa rabin mota tun ba a san cutar ba. Dukansu sun bar abin da malaman fiƙihu suka wajabta wa alƙali, watau ya saurari shaida, ya tantance ta, kana ya yanke hukunci. Gama allura shaida ce, shaida kuwa takan faɗi gaskiya, takan kuma yi kuskure.

Ya kamata mu fara sanin cewa zafi ɗabi'ar inji ce, domin man da yake ƙonawa kusan sulusinsa kaɗai ke zama ƙarfin da ke juya ƙafafu, sulusi ya fita ta salansa, ragowar sulusin kuwa ruwa ne ke ɗauke da shi zuwa lagireto, inda iska ke sanyaya shi ya komo. Maƙera sun tsara yawancin injuna su yi aiki a wajen digiri 90 zuwa 105, alhali ruwa kan tafasa a digiri 100; hikimar da ta warware wannan mushkila kuwa tana cikin murfin lagireto, wanda za ka ga an rubuta masa 0.9 ko 1.1, domin shi ke matse ruwan ya hana shi tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Saboda haka murfin da robarsa ta mutu, duk da ƙanƙantarsa da arahar kuɗinsa, ya isa ya sa lafiyayyen inji ya riƙa amayar da ruwa.

Idan allura ta hau, farillar farko ita ce a sauka gefen hanya a kashe mota, a kuma yi haƙuri har ta huce, domin wanda ya buɗe murfi da zafinsa tafasasshen ruwa zai feso masa a fuska da hannu, wanda kuma ya ɗura ruwan sanyi a injin da ya yi jau yana iya tsaga kan injin. Bayan ta huce sai a tuhumi shaidar kanta. Inji ƙarfe ne mai nauyi, ba ya zafi ko sanyi cikin ƙiftawar ido. In ka ga allura ta yi tsalle farat ɗaya ta komo, ko tana rawa duk sa'ad da aka faɗa rami, to mafi rinjayen zato waya ce ta saki, ko kuwa ɗan ma'aunin da ke nutse cikin ruwan inji ya lalace. Makanike mai lura zai auna zafin da wani ma'auni dabam ya gwada su biyu, tun da gani ya kori ji. Akasin haka ma yakan faru, kuma shi ya fi hatsari: idan ruwa ya tsiyaye ƙwarai har ɗan ma'aunin ya rage a sarari, allura takan nuna lafiya alhali inji na ƙonewa.

In kuwa ya tabbata zafin na haƙiƙa ne, to lokacin da yake zuwa shi ne dalili mafi ƙarfi. Motar da ke zafi cikin cunkoso, ta huce da zarar ta sami hanya, fankarta ake tuhuma, ko belin da ke juya ta, ko fis ɗinta, domin a guje iskar hanya ke yi mata aikin fanka. Wadda ke lafiya cikin gari amma ta yi zafi a doguwar tafiya, ko wajen hawan tudu da kaya, lagiretonta ne ya toshe, ko dai daga waje da ƙurar hunturu da ƙwari, ko daga ciki da tsatsa, ko kuma famfon da ke zagaya da ruwa ya gaji. Wadda kuwa allurarta ke haurawa jim kaɗan bayan tashi, alhali tiyon sama da lagireto ba su yi ɗumi ba, to tamostat ne ya ƙi buɗewa, watau ɗan bawul ɗin nan mai kaki irin na masana'anta a cikinsa, wanda ke narkewa a wajen digiri 82 zuwa 88 ya ba ruwa hanya. Mafi munin al'amari shi ne ƙonewar gasket ɗin kan inji, kuma alamominsa ba su ɓuya: farin hayaƙi mai kauri daga salansa, ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, kumfa na tasowa a bakin lagireto, baƙin mai kuma ya rikiɗe ya yi kalar shayi da madara.

A nan ne ya wajaba in yi magana a kan wata al'ada da ta yaɗu a garejojinmu, ta cire tamostat a jefar da zarar mota ta iso daga Turai, bisa hujjar wai don ƙasar sanyi aka yi shi. Wannan hujja ba ta da tushe, domin aikinsa shi ne ya kai inji ga zafin da ya dace da wuri, ya kuma riƙe shi a nan, ko a Jamus ko a Sakkwato. Injin da aka raba da shi yakan daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai fiye da ƙima, ya kuma ci kansa a hankali; a wasu injuna ma ruwa kan bi gajeriyar hanya ya kauce wa lagireto, har zafin da ake gudu ya ƙaru. Sau da yawa kuma cirewar kan lulluɓe ainihin cutar ne na ɗan lokaci, ta dawo a inda babu mai taimako. Haka nan kuskure ne ɗura ruwan rijiya tsagwaronsa, wanda gishirinsa ke daskarewa cikin siraran bututan lagireto, yana kuma haifar da tsatsa. Ruwan nan mai launi da ake sayarwa don inji yana ɗauke da maganin tsatsa, ba ya kuma tafasa da wuri kamar ruwan banza.

Don haka ina kira ga direbobi su duba ruwa da tiyo da murfi da safe tun inji na sanyi, su kuma lura da lokacin da zafin ke zuwa don su ba makanike labari cikakke. Makanikai kuwa su tuna dukiyar mutane amana ce a hannunsu: su fara da abu mai sauƙi kafin mai tsada, kada su kwance kan inji sai da hujja bayyananna. Allah ya kiyaye hanya, ya sada kowa da iyalinsa lafiya.